Mamaya: me kalmar take nufi, kuma wane baƙon soja ne ɗan mamaya?

A ƙarshen watan Janairun 2025, da labari ya tsallako gadar Ngeli cewa sojan Faransa sun miƙa sansaninsu na ƙarshe a N'Djamena, gardama ta kaure a majalisar shayin da nake zama a Kusuri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga N'Djamena. Wani yaro ɗan acaba ya ɗaga hannu ya ce alhamdulillahi, mamaya ta ƙare. Wani dattijo mai fataucin banda, wanda ya yi ƙuruciyarsa a tsibiran tafkin Chadi, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ba ka taɓa ganin mamaya ba." Yaron ya ce, "To Baba, in ba ita ba ce, mene ne sunanta?" Har aka wanke kofuna ba a rabu ba. Ni kuwa na tashi da tunanin cewa kalmar ce ta raba su, domin kowa da abin da yake kira da ita.

A Hausar gida, mamaya tana da kusanci da shammata. An mamaye mutum ke nan idan aka auka masa bai shirya ba. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa rufe wuri baki ɗaya: ruwa ya mamaye unguwa, kamar yadda kogunan Logon da Shari suka yi mana a 2022 da 2024, ciyawa ta mamaye gona, 'yan kasuwa sun mamaye titi. Gidajen rediyo suka ɗauko ta suka ba ta aikin da Larabci yake yi da ihtilal, kalmar da duk mai sauraron labarai da Larabci a Chadi ya saba da ita. Matsalar ita ce a bakinmu kalma ɗaya tana ɗaukar abubuwa uku da dokar duniya ta raba: aukawa ƙasa da yaƙi, zama a cikinta ana mulkinta bayan an ci ta, da kuma haɗiye ta a ce ta zama ta mai ƙarfi. Na tsakiyar nan shi ne mamaya a wurin masana doka.

Ma'aunin tsoho ne. Dokokin yaƙi da aka rattaba a birnin Hague a 1907, a sashe na 42, sun ce ƙasa ta shiga mamaya idan ikonta a zahiri ya koma hannun rundunar abokan gaba. Abin dubawa shi ne wa ke sa dokar hana fita, wa ke tsare hanya ya tambayi takarda, wa alƙali da ɗan sanda suke jin tsoron saɓa wa, kuma shin masu ƙasar sun yarda ko ba su yarda ba. Yawan tankoki kaɗai ba ya yanke hukunci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ba ta ba ɗan mamaya ƙasa ba, kaya ta ɗora masa. Sashe na 43 ya wajabta masa maido da tsaro da zaman lafiya iyakar iyawarsa, tare da mutunta dokokin da ya tarar. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 ta ƙara da cewa ba zai kori mutane daga ƙasarsu ba, ba zai kwaso nasa mutanen ya zaunar a can ba, ba zai hukunta gari guda saboda laifin mutum ɗaya ba, kuma abinci da magani na jama'a suna wuyansa. Matsayinsa kamar na wanda ya ƙwace makullin gidan da ba nasa ba: gidan bai zama nasa ba, amma in ɓarawo ya shiga shi za a tambaya. Shi ya sa ƙasashe suke gudun sunan kamar kuturta. Kowa ya fi son a ce taimako ya kawo.

Iraƙi ce misalin da ba a musu a kansa, domin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙudurinsa mai lamba 1483 na watan Mayun 2003, ya ambaci Amurka da Birtaniya da wannan matsayi. Sai ga shi tsaro, wanda shi ne farillar farko, nan aka fara faɗuwa. Tun a watan Afrilu aka wawashe ma'aikatu da gidan tarihi na Bagadaza, sojan baƙi suna cikin gari. A watan Mayu kantoman Amurka Paul Bremer ya rushe rundunar sojan Iraƙi da alƙalami ɗaya, dubban ɗaruruwan mutane da suka iya bindiga suka wayi gari babu albashi. Duk wanda ya san abin da tsohon soja mai yunwa yake iya yi, kuma mu a nan mun sani, ba ya buƙatar a ba shi sauran labarin. A takarda mamayar ta ƙare ranar 28 ga Yunin 2004 da aka miƙa mulki ga gwamnatin riƙo, amma sojan Amurka ba su fita ba sai Disamban 2011. Tsakanin ranakun nan biyu, mutumin Falluja zai yi wa masanin doka dariya in ya ce masa ba a mamaye da shi ba.

Ba sai mun je Iraƙi ba ma. Chadi ta ga abin a jikinta. Tun 1973 Libiya ta shiga zirin Awuzu da ke iyakar arewa, ta kafa sansani da mulkinta, tana cewa ƙasarta ce. Yaƙin 1987, wanda sojan Chadi suka yi a kan motocin Toyota, ya kori Libiya daga Fada da Wadi Dum, amma bai raba ta da zirin ba. Kotun Duniya ce ta yanke ranar 3 ga Fabrairun 1994 cewa na Chadi ne, bisa yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya, kuma kafin ƙarshen Mayun shekarar Libiya ta janye a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan mamaya ce cikakkiya: ba gayyata, ba izini, iko duk a hannun baƙo.

Zaman Faransa daban yake, kuma a nan dattijon ya fi yaron gaskiya. Da yarjejeniya suka zauna, daga rundunar Epervier da aka fara a 1986 zuwa rundunar Barkhane da ta gaje ta a 2014. Ba su naɗa gwamna a Abeshe ba, ba su karɓi haraji a kasuwa ba. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ranar 28 ga Nuwamban 2024 gwamnatin Mahamat Idriss Deby ta ce ta soke yarjejeniyar tsaron, kuma cikin wata biyu suka bar Faya, suka bar Abeshe, suka bar N'Djamena. Ɗan mamaya ba a sallamarsa da sanarwa.

Sai dai yaron ma ba shirme yake ba. A Fabrairun 2019 jiragen Faransa sun yi ruwan wuta a kan ayarin 'yan tawaye da ya taso daga Libiya. Gwamnati ce ta nema, gaskiya ne, amma talakan da ke gani ya gane cewa mai kujera yana da jigo daga waje. Nan ne dokar take da rauni: tana tambaya ko gwamnati ta yarda, ba ta tambaya wa ya yarda da gwamnatin. Tsofaffin Kusuri suna tuna 1980, lokacin da mutanen N'Djamena suka cika garin nan suna gudun yaƙi, sojan Libiya kuma suka shiga babban birnin bisa gayyatar shugaban Chadi na lokacin, Goukouni Oueddei. Gayyata ce ta shugaban da yake faɗan neman tsira, har a Janairun 1981 aka yi shelar shirin haɗe ƙasashen biyu. Wane suna za a ba wannan? A ƙarshen watan Oktoba ya ce su tafi, a Nuwamba suka tafi, shi kuma ko shekara bai ƙara a kan kujera ba.

Batun ra'ayin jama'a kuwa, ni ina taka-tsantsan da duk alƙaluman da aka ce an tattara a ƙarƙashin bindiga. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baƙo da takarda a hannu ya tsaya ƙofar gidanka yana tambaya ko kana son sojan da ke bakin layi, me za ka ce masa? Kuma mutum ɗaya yakan riƙe ra'ayi biyu ba tare da ya yi ƙarya ba: yana son su tafi, yana tsoron daren da zai biyo bayan tafiyarsu. Mai shago da ke ciniki da su da uwar da aka harbe ɗanta a shingen bincike suna iya zama gida ɗaya.

Muna cewa baƙo raɓa ne, amma tarihi bai cika gaskata karin maganar ba. Yankunan Falasɗinawa suna ƙarƙashin mamayar Isra'ila tun 1967, kuma ra'ayin da Kotun Duniya ta bayar a watan Yulin 2024 cewa zaman ya saɓa doka bai ɗaga shinge ko ɗaya ba. Awuzu ta samu hukunci ne bayan Libiya ta sha kashi a fagen daga kuma ɓangarorin biyu sun amince su je kotu.

Da dattijon namu ya ce yaron bai taɓa ganin mamaya ba, Darak yake nufi, tsibirin Kamaru da ke tafkin Chadi. Tun ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta riƙe tsibirin da ƙauyukan kewaye, inda masunta Hausawa da Kanuri da sauransu suka bi ruwa da ya ja baya. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke tsakanin Kamaru da Najeriya ranar 10 ga Oktoban 2002, wanda kowa ya fi saninsa da Bakassi, ya haɗa da yankin tafkin, kuma a Disamban 2003 Najeriya ta janye. A idon Yawunde mamaya ce ta ƙare. Masunta da yawa kuwa hukumar da ta tafi ita suka sani, wadda ta zo ce baƙuwa a wurinsu, har sai da aka saba. A watan Yunin 2019 'yan Boko Haram suka afka wa Darak ɗin da dare suka kashe sojoji da farar hula, kuma masu ba da labari da safe suka ce sun mamaye garin, da tsohuwar ma'anar nan ta shammata.