Waiwaye: Aiki ɗaya, albashi biyu a wuraren aikin Kano

A takarda, an daɗe da kashe maganar bambancin albashi tsakanin mace da namiji. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya ta 100 kan daidaiton lada a 1951, Nijeriya ta amince da ita a 1974. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 17, ya ce aiki iri ɗaya a biya shi kuɗi ɗaya ba tare da duba jinsi ba. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda kundin da kansa ya hana kotu tilasta shi. Ƙofar shari'a ta buɗe sosai ne bayan gyaran kundin na 2010, da ya ba Kotun Ma'aikata ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su. Ƙudirin daidaita damar maza da mata kuwa, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2016.

A aikin gwamnati matakin albashi ɗaya ne ga kowa, mai mataki na takwas ko mace ko namiji abu ɗaya yake ɗauka. Can giɓin yana ɓuya ne a ƙarin girma, da zuwa kwas, da alawus na tafiye-tafiye.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wuraren da doka ba ta leƙawa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga N18,000 a 2011 zuwa N30,000 a 2019, sannan N70,000 a 2024, Kano ta sa nata N71,000. Amma dokar ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire masu aikin jinga da masu kamasho. To a nan ne matan Kano suka fi yawa: malaman ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwanni, masu shara a asibitocin kuɗi, masu tsintar zoɓo da riɗi a ɗakunan ajiya na Dawanau, masu ɗinkin hula a gida da dillali ke yanka wa farashi. Ko a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, sashe na 55 na Dokar Ƙwadago ya hana mata aikin dare, ban da irin su ma'aikatan jinya da masu riƙe da shugabanci, don haka kuɗin kwana na maza ne.

Hujjar da aka fi ji daga masu ɗaukar aiki ita ce, ai namiji ne da nauyin gida. Wannan magana ba ta da tushe. Albashi ladan aiki ne, kuma zawarawa da matan da mazansu suka rasu da ke ciyar da marayu ba su ƙirguwa a birnin nan.

Mai son neman haƙƙinta ta fara da takarda. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, kuma yawancin koke-koke a nan suke mutuwa, domin an yi yarjejeniyar da baka. Ta adana shaidar biya ta kowane wata, ko da saƙon banki ne. Ta san abin da abokin aikinta mai darasi ko sa'o'i irin nata yake karɓa, sannan ta rubuta buƙatarta da adadi, ta riƙe kwafi. Zuwa a ƙungiyance ya fi zuwa ita kaɗai, don mutum ɗaya ba ya wuyar sallama. Idan aka ƙi, akwai ofishin ƙwadago na tarayya a Kano don sasanci, bayansa Kotun Ma'aikata. Hutun haihuwa ma haƙƙi ne: mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a wurin, kuma ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikinsa ba.