Yaron da ke birgima a ƙasa ba iskanci yake yi ba

Ranar rigakafi ce a asibitinmu, wata baiwar Allah ta zo da ɗanta ɗan shekara biyu, yana hango allura ya zube ƙasa yana birgima yana ihu, ita kuma ga mata cike da benci sun zuba mata ido, kunya ta kama ta sai ta fizgo shi da hannu ɗaya ta zabga masa mari tace rufe min baki. Bai rufe ba, ƙara wangalewa ma yayi. Ban ga laifinta sosai ba don nima uwa ce, amma tun ranar abin ke cina.

Iyaye ku gane, yaro ba a haifarsa da birki. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya danne zuciya ya yi tunani kafin ya aikata, shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya kai wajen shekara 25 yake kammala. To ɗan shekara biyu fa? Yana jin fushi da tsoro da takaici cif kamar naki, sai dai bashi da abin riƙe su kuma bashi da bakin faɗa. Shi yasa rigimar tafi tsanani daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku, in baki ya buɗe sosai wajen shekara huɗu sai kiga ta fara lafawa. Ki lura kuma lokacin ne ake yaye shi, a kai shi gidan kaka, ya dawo ya tarar da ƙani a cinyarki, duk a shekara guda.

Haƙurin da muke so yaro ya koya, a jikinmu yake fara aronsa. Jariri in yana kuka kika goya shi kina jijjigawa kina masa waƙa, numfashinsa ke daidaita, jikinsa ya saki, a yi haka sau ɗari sau dubu har wata rana ya iya kwantar da kansa. Wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya gwada abin nan tun shekarun 1970, yasa uwa tana wasa da jaririnta sai ta daskare fuska ba murmushi ba magana, cikin ɗan lokaci kaɗan yaron ya rikice yana miƙo hannu yana kuka. Duk sanda naga uwa tana shayarwa idonta na kan waya sai gwajin nan ya faɗo min a rai.

In ya fara birgima ki matsar da abinda zai ji masa ciwo, ki durƙusa daidai tsayinsa, murya ƙasa ƙasa, ki faɗa masa sunan abinda yake ji: "Ka ji haushi ko, an karɓe maka ƙwallo." Da haka yake koyon faɗa da baki maimakon cizo. Nasiha ki bari sai ya huce, lokacin ihu ba ji yake ba. Kuma rarrashi daban, miƙa masa alewar da kika hana daban, in kika bashi yau gobe ihun zai ninka. Ki duba ma ko yunwa ce ko barci. Dodo zai kama ka, likita zai maka allura, dan Allah a daina, mu ne ke shan wahalarsa ranar rigakafi.

Maza kuma "namiji baya kuka" da kuke ce wa ɗan shekara uku baya cire masa abin daga rai, ɓoyewa kawai yake koya. Yana kallon yadda kake yi in an ɓata maka rai. Addini ya riga ya koya mana, in kayi fushi kana tsaye ka zauna, ka nemi tsari daga shaiɗan, ka yi shiru. In kukan jariri ya kai ki maƙura ki kwantar da shi wuri mai aminci ki fita tsakar gida ki sha iska, ko ki miƙa wa wata. Kar a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa har ya mutu.

Sai masu shiɗewa, yaron da zai tsala kuka numfashi ya ɗauke leɓe ya canza launi. Ba da gangan yake ba kuma ba iska bane, ana ganinsa daga wata shida zuwa shekara shida, yawanci cikin minti ɗaya yake dawowa. Ki kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa ruwa kar a cusa cokali a baki. Ki kawo shi mu duba jininsa don ƙarancin jini na ƙara yawan abin. In ya wuce minti ɗaya bai farfaɗo ba, ko yana fizge fizge, ko bai kai wata shida ba, a taho asibiti a take kar a jira ranar awo.