Faɗuwar gaba ba ciwon zuciya ba ne

Mu nan Damagaram da zarar mutum ya ji gabansa na dukan uku-uku sai ya ce shikenan tansiyo, wato hawan jini, ta kama shi ko zuciya ta lalace, ya kwana yana taɓa jijiyar hannu yana ƙirge. Wallahi yawanci ba haka ba ne. Zuciyar babban mutum in yana hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, in ka tsorata jiki na sakin sinadarin adiranalin sai ta ƙara gudu, kai kuma ka ji ta ƙara gudu ka ƙara tsorata, haka abin ke ta zagayawa. Ga shayin fada kofi uku, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ba ka sha ruwa ba, to me kake so ta yi?

Ita kuwa tansiyo ta gaskiya sau da yawa shiru take zuwa, awo ne kaɗai ke nuna ta, in ana ta samun 140/90 ko sama. Je likita a auna ka, in an ce lafiya lau ka yarda ka saki hannun nan. Amma ciwon ƙirji mai matsewa da sarƙewar numfashi ko suma, wannan kam a ruga asibiti take.