"Ranar Uwa ta Duniya": Wace Duniyar?

Duk shekara sai an yi ta sau biyu, wani lokacin har uku. Maris na kamawa mai gabatar da shiri a rediyo zai ce yau ce Ranar Uwa ta Duniya, 'yan siyasa su fitar da saƙon taya murna. Mayu ya zo, shi ɗin dai ya sake cewa yau ce, ko a jikinsa. Wasu ma da 8 ga Maris suke cakuɗa ta, alhali waccan ranar mata ce gaba ɗaya, mai ɗa da marar ɗa.

Wannan "ta duniya" da ake liƙa mata shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu wata rana guda da duniya ta tsayar domin uwa. Wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2012 ita ce 1 ga Yuni, kuma ta uwa da uba ce a haɗe. Sauran kowa da kiwon da ya karɓe shi. Masar ta fara tata ranar 21 ga Maris a 1956, bisa shawarar ɗan jarida Mustafa Amin, ƙasashen Larabawa da dama suka bi. Faransa galibi Lahadin ƙarshen Mayu take yi. Ingila kuwa tata ta coci ce, mako uku kafin Ista, asalinta ma ranar komawa babban cocin da mutum ya tashi a cikinsa ce, kuma ita coci-coci da yawa a Najeriya suka gada. Ta Lahadi ta biyu a Mayu, wadda ta fi cika Facebook, ta Amurka ce.

Mace ɗaya ce ta tsaya kai da fata har aka kafa ta: Anna Jarvis. Mahaifiyarta ta rasu a Mayun 1905. A 1908 ta sa aka yi taron tunawa da ita a wani cocin Methodist da ke garin Grafton na jihar West Virginia, ta aika fararen furanni 500, irin waɗanda marigayiyar ke so. Daga nan ta dinga rubuta wasiƙu ga gwamnoni da 'yan majalisa, har Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a 1914. Ta kuma dage a rubuta sunan da siffar tilo. Ranar uwa take nufi, taka kai kaɗai, ka je gida ka zauna da ita, in ka yi nisa ka rubuta mata wasiƙa da hannunka. Don haka masu cewa "Ranar Iyaye Mata" sun kauce wa nufinta, ko da yake wannan laifin mai sauƙi ne.

To je ka ga abin da ranar ta koma a can. A yankunan gonakin inabi irin su kwarin Napa na jihar Kalifoniya, masu sarrafa giyar inabi suna da ɗakin ɗanɗano a jikin gona. Mayu na ƙaratowa za su fara talla: kawo mahaifiyarka. Sai ka kama wuri tun da wuri, ka biya kuɗin kowane mutum, a zaunar da ku a inuwa ana kallon layukan inabi. Ma'aikaci ya riƙa zuba ɗan kaɗan a gindin kofin gilashi, kala huɗu ko biyar bi da bi, yana bayanin shekarar da aka tsinke inabin da irin gangar da ya kwana a ciki. Ga cuku a faranti, ga ɗan bokiti a gefe na wanda zai kurkure baki ya tofar. Kafin ku tashi an nuna muku kwalaben sayarwa. A al'adarsu wannan karramawa ce, ban kuma ce babu ƙauna a ciki ba. Amma mai gonar ne ya tsara yinin tun daga farko har ƙarshe, uwar kuwa dalilin zuwa ce kawai.

Ita kanta Jarvis tun da ranta ta ga somin-taɓi. Masu furanni suka tsawwala farashi, masu buga katin gaisuwa suka samu kasuwa. Ta ce katin da aka buga a inji alamar lalaci ce, ɗa ya kasa rubuta wa uwarsa layi biyu. Ta yi kiran a ƙaurace musu, ta yi barazanar kai ƙara kotu. A 1925 'yan sanda suka kama ta a Philadelphia saboda ta tayar da hayaniya a taron wata ƙungiyar iyaye mata da ke sayar da furannin don tara kuɗi. Daga baya har sa hannun jama'a ta bi tana nema domin a soke ranar baki ɗaya. Ta rasu a 1948 a wani gidan jinya a jihar Pennsylvania, dukiyarta ta ƙare a wannan faɗan, ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma haihu ba.