Waiwaye: Tun yaushe ɗaukar baƙo aiki ya zama laifi a Sakkwato?

Tun da Jamhuriyar Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso, ake ta muhawara a Sakkwato kan matsayin mai gadi da ɗan ga-ruwa da lebura da suka fito daga ƙetaren Illela, da kuma matsayin wanda ya ɗauke su aiki. A cikin shekarar ne kuma aka sanar a Nijeriya da tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adin bizarsa, sai maganar ta ƙara zafi, har wasu ke ɗauka wata sabuwar doka ce ta faɗo daga sama. Alhali kuwa haramcin ɗaukar baƙo aiki ba tare da izini ba ya girmi yawancin masu muhawarar.

Iyakar da ake magana a kanta Turawa ne suka shata ta a takarda. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka gyara ta a 1904 da 1906, sai Birnin Ƙonni ya faɗa hannun Faransa, Illela ta faɗa hannun Ingila, Maratta kuwa, inda aka haifi Shehu Usmanu, ta koma wata ƙasa daban. Bayan samun 'yanci Nijeriya ta kafa dokar shige da fice ta 1963, wadda ta ce baƙo ba zai karɓi aiki ba sai da rubutaccen izini, kamfani kuma ba zai kawo ma'aikaci daga waje ba sai an ware masa gurbi. Dokar 2015 da ta maye gurbinta ta riƙe wannan sharaɗi, ta ƙara nauyin hukuncin da ya haɗa da tara da ɗauri da tisa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu. Korar baƙin da aka yi a Gana a 1969, wadda ta dawo da Hausawan zango da yawa gida, da wadda aka yi a Nijeriya a Janairun 1983 bayan faɗuwar farashin man fetur, inda aka ba da wa'adin mako biyu kuma kimanin mutum miliyan biyu suka fita, duk labarai ne da aka sha bayarwa.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne farin da ya auka wa ƙasashen Sahel, wanda ya kai maƙura a 1973 da 1974, domin a nan ne, a ganina, al'amarin ya sauya kama. Kafin wannan lokaci cin rani yana da ƙa'idarsa: mutum ya gama girbi, ya ɗaure damma ya zuba a rumbu, ya ratayo gafaka ya nufo kudu, ya yi dako ko kwaɓa ƙasa ko jan ruwa na wata huɗu zuwa biyar, da hadari ya fara haɗowa ya koma gona. Adarawa da Gobirawa da Arawa sun daɗe suna wannan zirga-zirga, kamar yadda Sakkwatawa su ma ke gangarawa Kurmi da Gwanja. Wanda zai koma gida kafin shuka ba ya tunanin takardar zama, kuma babu mai tambayarsa ita.

Farin ya karya wannan ƙa'ida. Makiyayan da dukiyarsu ta ƙare, musamman Buzaye da Fulani na yankin Tawa da Agadas, da manoman da suka yi shuka shekara biyu ko uku ba su girbe ba, sun iso ba tare da abin da za su koma wa ba. Sun kuma iso daidai lokacin da kuɗin mai ya fara kwarara. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma tun 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976. An buɗe jami'a a 1975. Ana aikin madatsar Bakolori, ta Goronyo na tafe. Ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji ya sa ma'aikacin da jiya yake haya ya sayi fili a bayan ganuwa, ya gina gida, ya zagaye shi da katanga, katanga kuwa tana neman mai tsaron ƙofa. Buƙata ta haɗu da mabuƙaci.

Na taso na ga irin wannan mai gadi a unguwarmu. Dattijo ne mai baƙin rawani, yana zaune bisa tabarma a bakin ƙofar maƙwabcinmu, takobinsa jingine da bango, 'yar butar shayinsa bisa gawayi tun daga la'asar. Yadda ya samu aikin shi ne wani ɗan garinsu da ya riga shi zuwa ya kamo hannunsa ya kai shi gaban maigidan, ya ce ya tsaya masa, aka yi cinikin albashi a zaure, aka shafa fatiha. Tambayar da aka yi ita ce ɗan wane ne, kuma wa ya kawo shi. Ya shekara fiye da ashirin a ƙofar nan, kuɗin cefane ma ta hannunsa ake aikawa, amma a idon dokar 1963 shi da maigidan duk masu laifi ne, ba tare da ɗayansu ya sani ba.

A nan gizo ke saƙa. Hanyar neman izini an tsara ta ne da siffar injiniyan da kamfani ya ɗauko da jirgi: kamfani mai rajista ya nemi gurbi, ya gabatar da takardun karatun ma'aikacin, ya biya kuɗin katin zama. Magidancin da ke Mabera ko Gawon Nama ba kamfani ba ne, manomin albasa da ke ɗaukar 'yan ƙwadago a fadamar Gada ba shi da rajista, mai gadin kuma ko takardar haihuwa ba shi da ita. Dubban mutane suka shiga aiki ta hanyar amana da shaidar baki, hukunci na nan rubuce a kansu, ƙofar da za su bi su kauce masa kuwa ba a yi ta daidai tsawonsu ba.

Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ƙara rikita fahimtar jama'a, saboda abin da ta bayar da farko shi ne shiga ba biza na kwana 90 kawai. 'Yancin zama da neman aiki sai a 1986 aka amince da shi, shi ma da sharaɗin mallakar katin zama. Talaka ya ji rabin farko, ya ɗauka an buɗe ƙofa gaba ɗaya. Rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986, da daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun tsayar da manyan motoci a Illela, amma ba su taɓa wanda ya riga ya yi aure ya hayayyafa a cikin gari ba.

A Janairun 2025 ECOWAS ta ce 'yan ƙasashen uku da suka fice za su ci gaba da shige da fice da zama kamar da, har sai an yanke wata shawara, wato matsayinsu na wucin gadi ne. Waɗanda farin 1973 ya koro kuwa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ne ke gadi da kabu-kabu da sayar da shayi. Tsarin mulkin 1999 bai mayar da mutum ɗan ƙasa don kawai an haife shi a nan ba, sai idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Nijeriya ne. Jikan dattijon nan na unguwarmu ya tsira ta wajen mahaifiyarsa, Bagobira ce ta Sabon Birni. Ɗan baffansa, wanda aka haifa a ɗaki ɗaya da shi kuma bai taɓa taka Ƙonni ba, iyayensa da kakanninsa duka daga Tawa suke.