Yawo da kare a hanyoyin gaɓar teku: tambayoyi da amsoshi

Ko wace hanyar ƙafa a bakin teku ce ake barin kare ya bi?

A'a, kuma doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka, yawancin gandayen daji na ƙasa ba sa barin kare a hanyoyin tsauni, amma gandun Acadia da ke kusa da garin Bar Harbor a jihar Maine ya buɗe masa kimanin mil 100 na hanyoyinsa, da sharaɗin igiyarsa kada ta wuce ƙafa 6. A Ingila kuwa, a filayen da aka buɗe wa jama'a, dole a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke saka ƙwai a ƙasa. Wasu garuruwan ma sukan hana kare shiga rairayin bakin ruwa a lokacin zafi. Saboda haka a karanta allon da ke bakin hanya tukuna.

Idan an yarda, shi ke nan?

Ina! Hanyar da doka ta halatta ba lallai ta dace da kare ba. Babban abin tsoro shi ne gefen dutse mai zurfi. Kare ba ya duba ƙasa idan ya hango zomo ko tsuntsu, da gudu yake bi, kuma ƙasar gefen takan zaizaye ta rufta ba zato. A irin wannan wuri ko kare mai jin magana sai da igiya, kuma ni na fi son ɗamarar ƙirji a kan abin wuya, don idan ya zame ba za ta shaƙe shi ba.

Me ya sa ake yawan maganar cikowar teku?

Domin ita ce ke datse mutane. A galibin gaɓoɓi teku na cikowa sau biyu a kowane sa'o'i 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa akwai kusan sa'o'i 6, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kimanin minti 50. Jan da wata da rana ke yi wa ruwan teku ne ke haddasa hakan, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Rairayin da ka taka da safe na iya zama ruwa tsundum da rana. A duba jadawalin cikowar teku na ranar, ba na jiya ba. Idan kuma ruwa ya ja kare, kada ka faɗa bayansa, a kira masu ceto.

Zai iya shan ruwan teku?

Zai sha in ya samu dama, amma gishirin na jawo amai da gudawa, idan ya yi yawa har da farfaɗiya. Ka ɗauko masa ruwan sha da ɗan kwano, ka riƙa ba shi kafin ƙishi ya kai shi bakin ruwa. Kare da haki yake rage zafin jikinsa, don haka fita da sassafe ko da yamma ya fi. Ka taɓa yashi da bayan hannunka, in ya ƙona ka to zai ƙona tafinsa.

Bayan an dawo fa?

A wanke shi da ruwan daɗi, a duba tsakanin yatsunsa da cikin kunnensa ko kaska ta maƙale. Idan ya ci gaba da amai ko yana tangaɗi, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.