Alƙalan besbol da hana-sallarsu: daga ina rigimar hular kwano ta taso?

Ranar 16 ga Afrilun 2025 a birnin Minneapolis na Amurka, ana zagaye na bakwai na wasan besbol tsakanin Twins da Mets, wani ɗan wasan Mets mai suna Tyrone Taylor ya ɗirka wa ƙwallo gora, ƙwallon ta kauce gefe a miƙe kamar harsashi ta sami alƙalin da ke tsaye bayan zango na ɗaya, Hunter Wendelstedt, a ka. Nan take ya zube. Sai da aka ɗan jima a kansa sannan ya miƙe ya fita da ƙafarsa yana danne da tawul a gefen kai, aka wuce da shi asibiti. Abin da ke kansa a lokacin hana-sallah ce ta yadi, shi ke nan fa. Kuma taku kaɗan daga inda ya faɗi ga kocin Mets nan tsaye da hular kwano a ka, don shi doka ta ce dole ya saka.

To wannan ne ya sake tono tsohuwar maganar nan, wai me ya sa mutum biyu suna tsaye kusan wuri ɗaya, ƙwallo ɗaya ke nufo su, ɗaya an kare masa kai ɗayan an bar shi da ikon Allah.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, filin murabba'i ne mai kusurwa huɗu, gida da zango uku, tsakanin kowane zango da na gaba ƙafa 90, mita 27 da ɗoriya ke nan. A babbar gasar Amurka alƙalai huɗu ne a wasa, ɗaya a bayan mai cafe ƙwallo a gida, uku a zangunan. Ƙwallon nauyinta bai wuce giram 142 zuwa 149 ba, amma tauri gare ta sai ka ce dutse aka naɗe da fata, kuma idan gora ta same ta da kyau tana wuce kilomita 160 a awa, har akwai Oneil Cruz na Pittsburgh da na'ura ta auna bugunsa ya haura mil 122, wajen kilomita 197. Ka yi lissafi da kanka, daga gora zuwa inda alƙalin zango na ɗaya yake ko daƙiƙa ɗaya ba ta cika.

Alƙalin gida kam tun zamanin kakanni aka gama da shi. A 1877 wani ɗalibin Harvard, Fred Thayer, ya ƙera takunkumin ƙarfe na fuska don mai cafe ƙwallon ƙungiyarsu, ba a daɗe ba alƙalai ma suka ara suka yafa. Sulken ƙirji ya biyo baya, makarin ƙwauri kuma Roger Bresnahan ne ya fito da shi fili a 1907 mutane na yi masa dariya. Shi sulken ƙirjin ma sai da ya raba kan alƙalai gida biyu shekara da shekaru: a ɓangarori biyu na babbar gasar, na National suna bin alƙali Bill Klem suna saka nasu a cikin riga, ɓangaren American suna rungumar wani ƙaton matashi a waje kamar garkuwa, har zuwa 1977 da aka ce duk sabon alƙali ya saka na ciki. Tsofaffin aka ƙyale su da kayansu, na ƙarshensu Jerry Neudecker sai da ya yi ritaya a 1985 matashin ya bar fili. Ku riƙe wannan, don haka wasan nan yake canja komai, a tilasta wa sababbi a jira tsofaffi su gaji.

Su kuwa alƙalan zango ai daga baya suka zo. Da can mutum ɗaya ne ke alƙalancin wasa gaba ɗaya, aka koma biyu, aka koma uku, sai a 1952 huɗu ya zama ƙa'ida. Kuma tun farko kallon da ake yi wa aikin zango shi ne ranar hutu. Suna zagayawa ne, wanda ya yi gida yau gobe yana zango na uku, jibi na biyu, gata na ɗaya, sannan ya koma gida. Wato mutumin da jiya ya sha takunkumi da sulke da makarin ƙwauri da takalmi mai ƙarfe a baki har yana tafiya da ƙyar, yau za ka gan shi da riga da wando da hana-sallah yana shan iska. Wa zai so a ce ranar hutun ma ya ɗora kwano a ka?

Abin da na lura da shi a tarihin nan, babu wani kayan kariya da ya shigo besbol salin alin sai an ga jini. Ray Chapman na Cleveland jifan Carl Mays ya same shi a ka ranar 16 ga Agustan 1920 a New York, kafin gari ya waye sosai ya cika. Za ka ɗauka washegari kowa zai nemi hula, ina! Sai a shekarun 1950 Pittsburgh ta Branch Rickey ta fara sa 'yan wasanta su saka, dokar da ta hau kan kowa sai 1971, nan ma aka ɗaga wa tsofaffi ƙafa, Bob Montgomery ya ci gaba da bugu ba kwano har 1979. Mai rufe kunne kuma sai 1983. Shekara hamsin da ɗaya daga gawar Chapman zuwa doka. Ko ɗan abin nan da ke reto a ƙasan takunkumi yana kare maƙogwaro, sai da tsinin karyayyiyar gora ya soki Steve Yeager na Dodgers a wuya a 1976 sannan mai kula da lafiyar ƙungiyar ya ƙirƙiro shi.

Inda maganar ta matso kusa da alƙalan zango sosai shi ne 22 ga Yulin 2007. Mike Coolbaugh, ɗan shekara 35, ko wata ɗaya bai yi da kama aikin koci a Tulsa Drillers ba, wata ƙaramar ƙungiya ce a ƙarƙashin Colorado Rockies. Suna wasa a North Little Rock ta jihar Arkansas, zagaye na tara, yana tsaye a akwatin koci kusa da zango na ɗaya, ɗan ƙungiyarsa ya bugo ƙwallo ta same shi a wuya ta fasa jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. A daren ya rasu, ya bar yara biyu da mata da ciki. Glenallen Hill, kocin zango na ɗaya na Rockies, bai jira kowa ba ya fara saka hular kwano, a watan Nuwamba kuma manajojin ƙungiyoyi suka zauna suka yanke cewa daga 2008 duk kocin da zai tsaya a zango sai da ita. Larry Bowa na Dodgers ya yi ta faɗa a kai, shi a ganinsa ya shekara arba'in a fili ba wanda zai koya masa tsayuwa, daga ƙarshe dai ya saka. Yau ba wanda ma yake lura da ita.

Amma dokar a kan koci ta tsaya, ba ta taka alƙali ba. Kuma masu cewa a bar alƙalai yadda suke, a nan suke samun abin kamawa, don gaskiya ne Coolbaugh a wuya ƙwallo ta same shi, da ma yana sanye da kwanon ba abin da za ta hana. Suna ƙarawa da cewa koci hankalinsa na kan mai gudu, sau da yawa ya ma juya wa mai bugu ƙeya, alƙali kuwa aikinsa ke nan kallon ƙwallo, kuma yana ɗan baya da koci. Ga zafi, wasa na kai awa uku a tsakiyar bazara, ga gudu da juye-juye, ga masu cewa kwano na rage gani ta gefe ko ji, don alƙalin zango na ɗaya da kunne yake aiki, idonsa na kan ƙafar mai gudu kunnensa na jiran ƙarar ƙwallo a safar hannu.

Ni dai hujjar "ai yana kallon ƙwallo" ita ce ba ta shige ni ba, saboda raunukan baya-bayan nan da yawa ba daga gora suka zo ba, daga jifa ne, lokacin da idon alƙali ke inda ya kamata ya kasance. Satumban 2021 a New York, Edmundo Sosa na St. Louis ya juya ya wurga ƙwallo zango na ɗaya ta kauce ta sami Junior Valentine a fuska, jini ya zuba, aka goge masa ya miƙe ya ƙarasa wasan ana ta yaba masa jarumta. Ranar 12 ga Afrilun 2023 a Cleveland abin ya fi muni, Larry Vanover mai shekara 67 yana tsaye tsakanin zango na biyu da tudun mai jifa, Andrés Giménez ya karɓi ƙwallo daga bayan fili ya juya ya sako ta gida da ƙarfinsa, kan dattijon na kan hanya. Mil 89 a awa, daga 'yan taku. Ya faɗi, ya tashi ya fita da kansa, amma a asibiti ya kwana. Kuma a dokar wasan idan jifa ta sami alƙali ba a tsayar da wasa, kamar ta bugi ƙasa ne, masu gudu na ci gaba da gudunsu shi yana kwance.

Su kansu masu takunkumin ba tsira suka yi ba balle wanda ba shi da komai. Kerwin Danley jifan Brad Penny mai gudun mil 96 ya sumar da shi a bayan gida a 2008. Dale Scott kuwa bugun da ya sha a takunkumi a Toronto a Afrilun 2017 shi ne girgizar ƙwaƙwalwa ta huɗu cikin shekara biyar, daga nan ya ce ya isa haka ya ajiye aiki.

Wasan kurket ya riga su shiga wannan kogin. Kwana biyu da rasuwar ɗan wasan kurket Phillip Hughes na Ostireliya a Nuwamban 2014, wani alƙali a Isra'ila, Hillel Oscar, ƙwallo ta daki sandunan wasa ta dawo kansa ya mutu. John Ward da ƙwallo ta taɓa kwantar da shi a Indiya ya fito da hular kwano a wasan Ostireliya da Indiya a Janairun 2016, Bruce Oxenford kuma ya ƙera wata garkuwar roba yana ɗaurawa a hannu. An yi musu tsiya na ɗan lokaci, aka gaji aka bari. Ba dole aka yi wa kowa ba, amma wanda ya so ya saka ba ya jin kunya.

Kunyar nan ina ganin ita ce gaskiyar zancen a besbol. A 2014 an amince wa masu jifa su saka wata hula mai soso a ciki bayan ƙwallo ta fasa kan Brandon McCarthy a 2012, Alex Torres ya saka, aka mai da shi abin dariya a intanet don hular ta yi girma kamar an kifa masa tukunya, kusan ba wanda ya bi shi. 'Yan kallo ma sai da ƙwallo ta ji wa wata ƙaramar yarinya ciwo a filin Yankees a 2017 sannan duk ƙungiyoyi 30 suka tsawaita ragar kare 'yan kallo a 2018. An kare mai bugu, an kare koci, an kare mai cin gyaɗa a kujera, an kashe maƙudan kuɗi a kan kyamarorin duba hukuncin alƙali tun 2008, kan nasa ne dai har ranar da Wendelstedt ya faɗi babu dokar da ta ce a rufe shi. Kwanon ba za ta kare fuska ko wuya ba, na yarda, amma gefen kai da ƙeya fa? Irin ta koci mara kunne ba ta toshe ji, ba ta hana gudu.

Kuma manyan nan su ne masu likita a gefen fili da motar asibiti a ƙofa. A wasannin sakandare da na unguwa galibi alƙalai biyu ne kacal, don haka da zarar an samu mai gudu a zango na ɗaya, na biyun sai ya shigo cikin fili ya tsaya bayan mai jifa, kusa da gora fiye da inda Wendelstedt ya tsaya, gorar ma ta ƙarfe ce ba ta katako ba, yaran kuma jifansu ba saiti. Da yawansu dattawa ne masu yin abin don ɗan kuɗin mai, kuma shigar da suke gani a talabijin ita suke kwaikwaya, baƙar riga, wando ruwan toka, da hana-sallah.